Darasin Mutuwar Flash Ga Masu Zana Shafukan Intanet

A ranar 31 ga Disamba, 2020, kamfanin Adobe ya janye hannunsa daga manhajar Flash. Shekaru goma sha biyar kafin wannan rana, da wuya a sami ƙwarewar da ta fi ta daraja a kasuwar masu zana shafukan intanet. Da ita ake sa hotuna su motsa, da ita ake ƙirƙirar wasanni, har YouTube ma da ita ya fara nuna bidiyo a 2005.

Faɗuwarta ta soma ne lokacin da Apple ya fitar da iPhone a 2007 ba tare da ita ba. A watan Afrilun 2010, Steve Jobs ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa yana zarginta da cin batir, da raunin tsaro, da rashin dacewa da allon da ake taɓawa da yatsa. Da HTML5 ya iya ɗaukar bidiyo da sauti da kansa, sai buƙatarta ta kau. Wanda bai iya komai ba sai Flash ya wayi gari da sana'ar da babu mai nema.

Ba ita kaɗai ta yi wannan ƙarshe ba. FrontPage na Microsoft ya shuɗe, Dreamweaver ya ja baya, Photoshop kuma, wanda a da ake zana fasalin shafi da shi, ya bar wa Figma fagen. Figma ya fito kasuwa a 2016, ya ba mutane da yawa damar aiki a kan zane guda a lokaci ɗaya. Ƙarfinsa ya kai Adobe ya yi tayin sayensa kan dala biliyan 20 a 2022, cinikin da ya rushe a Disamban 2023 saboda matsin hukumomin Turai da Birtaniya.

To, mene ne ya tsira? Abubuwa uku: HTML, wanda Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro a cibiyar CERN, da JavaScript na 1995, da CSS na 1996. Na farko shi ne ƙashin shafi, na biyu motsinsa, na uku suturarsa. Sun daɗe ne domin ƙa'idojinsu a buɗe suke ga kowa, ba su rataya ga ribar kamfani ɗaya ba. Duk manhajar da ta zo, aikinta a kansu yake ƙarewa.

A nan ne nake jan hankalin cibiyoyin koyar da kwamfuta da ke cika garuruwanmu. Matashi ya biya kuɗi, a nuna masa inda zai danna a WordPress, a miƙa masa takardar shaida. Ranar da shafin ya lalace, sai ya tsaya cirko-cirko, domin ba a taɓa nuna masa abin da ke ƙarƙashi ba. Za a ce masu ba da aiki manhajar zamani suke tambaya. Gaskiya ne, kuma dole a koye ta. Sai dai wanda ya riƙe tushe yakan koyi sabuwar manhaja cikin makonni, wanda kuwa manhaja kaɗai ya sani, duk sauyin da ya zo sai ya mayar da shi ajin farko.

Akwai kuma ƙwarewar da ta shafe mu kai tsaye. Tun 2010 Ethan Marcotte ya yaɗa tsarin shafin da ke daidaita kansa da girman kowane allo. Akasarin mutanenmu da waya suke shiga intanet, da datar da suka saya da guminsu, don haka shafi mai nauyin hotuna korar baƙi yake yi. Haka nan ba kowane salon rubutu ne ke ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ ba. Wanda bai gwada ba zai tarar kalmominsa sun tsinke, ko kuma a tilasta masa rubuta kasa a inda yake nufin ƙasa.

Yanzu ga ƙirƙirarriyar basira ta iso, tana haɗa shafi cikin daƙiƙu. Takan yi kuskure, kuma sai wanda ya iya karanta abin da ta rubuta ne zai gano shi. Ɗalibin da ke son cin abinci da wannan sana'a shekaru ashirin masu zuwa, ya fara da HTML da CSS tun yau. Jami'o'inmu da kwalejojin fasaha kuma su sake duba manhajar karatunsu da wannan ido.