Yadda janye tallafin man fetur ya sauya cefanen masu ƙaramin ƙarfi a Bolari

A ranar 29 ga Mayun 2023 ne Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur. Cikin 'yan kwanaki litar mai da ake saya ƙasa da naira 200 ta koma kusan naira 500, kuma a watan Oktoban 2024 ta haura naira 1,000. A unguwar Bolari da ke cikin birnin Gombe, inda magidanta da dama ke dogaro da sana'ar hannu da ƙananan kasuwanci, sauyin ya fi bayyana ne a kuɗin cefane.

Tallafi shi ne gwamnati ta biya wani ɓangare na farashin kaya domin mai saye ya same shi da rahusa. Mai mota da injin janareto ya fi cin moriyar tallafin mai, tunda shi ya fi sayen man. Sai dai talaka ma yana amfana da shi ta kuɗin Keke Napep da acaɓa, da kuɗin niƙa, da kuɗin dakon hatsi daga ƙauyuka zuwa kasuwar Tudun Hatsi. Da aka janye tallafin, duk waɗannan suka tashi lokaci guda.

Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2019 sun nuna cewa abinci ne ke cinye fiye da rabin abin da iyalan Najeriya ke kashewa. A watan Yunin 2024 kuma hauhawar farashin abinci ta zarce kashi 40 cikin 100. Magidancin da yawancin samunsa ke tafiya a tukunya ba shi da inda zai rage sai cikin abin da ya zama dole. Mai sayen buhun masara ya koma awon mudu, nama ya yi ƙaranci a miya, kuɗin makaranta da na magani suka koma jiran ranar samu.

Domin rage raɗaɗin, Gwamnatin Tarayya ta sanar da bai wa iyalai miliyan 15 naira 25,000 a wata har tsawon wata uku, sannan a Yulin 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Ƙarin albashin ma'aikaci kaɗai yake kaiwa, bai shafi tela ko mai faci ba. Tallafin kuɗi kuwa sai wanda sunansa ya shiga rajistar masu ƙaramin ƙarfi, don haka sahihancin rajistar ne zai nuna ko taimakon zai isa gidajen Bolari da suka fi buƙata.