Ciwon ƙoda: majinyatan da dare ke yi wa tsawo

A babbar asibitin Lamorde da ke Yamai, da kuma ta Damagaram, akwai sashen wankin jini, inda na'ura ke yi wa masu ciwon ƙoda aikin da ƙodarsu ta kasa. Wani likitan ƙasar Holan, Willem Kolff, shi ya ƙera irin wannan na'ura a shekarar 1943, kuma tun daga nan ta ceci rayuka masu yawa. Amma akwai wata wahala da ba a cika kai ƙararta gaban likita ba, ita ce rashin barci, wanda ke damun kusan rabin masu wankin jini.

Ƙodar mai lafiya ba ta hutawa: awa 168 take aiki a mako. Na'ura kuwa, bisa ƙa'ida, sau uku ake hawanta a mako, awa huɗu-huɗu, watau awa 12 ke nan. Inda na'urori suka yi ƙaranci ma sau biyu ne. Saboda haka, tsakanin wanki da wanki, dauɗa da ruwa suna taruwa cikin jiki, kuma da dare ne suka fi nuna kansu.

Na farko, ƙaiƙayi: fata takan bushe, majinyaci ya kwana yana susa. Na biyu, ƙafafu sukan ƙi zama wuri ɗaya. Mutum ya ji kamar kiyashi na yawo cikinsu, ba ya samun sauƙi sai ya motsa su ko ya tashi ya taka. Ƙarancin jini da na sinadarin ƙarfe suna ƙara wannan. Na uku, ruwan da ya taru a ƙafafu da rana, in an kwanta sai ya gangaro ƙirji da wuya, ya matse hanyar iska. Daga nan sai minshari, da ɗaukewar numfashi, da farkawa a firgice. Ga kuma gyangyaɗin da ake yi bisa na'ura da rana, wanda ke rage barcin dare. Bayan waɗannan duka akwai zullumi: magidancin da ya baro gonarsa a Maraɗi ko Tawa ya tare kusa da asibiti, tunanin iyali da kuɗin magani kaɗai sun isa su raba shi da barci.

Abin ba ƙarami ba ne, domin rashin barci na tayar da hawan jini, yana raunana zuciya, yana kuma karya ƙwarin gwiwar majinyaci har ya soma fashin zuwa wanki.

Ƙwayar barci fa? Nan ne ya kamata a yi hattara. Magunguna da dama ta ƙoda suke fita. In ta gaza, sai su taru cikin jini su zama guba. A shekarar 2024, likitocin Amurka sun bayyana sakamakon gwajin da suka yi da majinyata 126: wata ƙwaya mai suna trazodone ba ta fi ƙwayar da babu magani cikinta amfani ba, kuma masu shanta sun fi gamuwa da matsalar zuciya. To, ina ga ƙwayoyin da ake talla bisa hanya, ko jiƙe-jiƙen da ba a san awonsu ba?

Abin da ma'aikatan lafiya ke hore shi ne: a rage gishiri da kanwa, a tsaya ga awon ruwan da likita ya yanke, a bar shayi da goro daga la'asar, a taƙaita barcin rana, a riƙe lokaci ɗaya na kwanciya da na tashi, kada kuma a yi fashin wanki.

Iyali ma suna da nasu aiki. Matar da ke jin numfashin mijinta na ɗaukewa cikin dare ta ga abin da likita bai gani ba. Wajibi ne ta faɗa masa ranar wanki, domin sau da yawa ƙarin jini, ko gyaran awon ruwan da na'ura ke cirewa, yakan maido wa majinyaci da barcinsa.