Bututun da Saƙon Sirri Ke Bi a Cikin Kwamfuta

Mai karatu, duk sa'ad da ka buɗe shafin banki a intanet ka ga adireshinsa ya fara da https, to, kafin lambar sirrinka ta bar na'urarka an riga an juya ta zuwa wasu alamomi da ba mai iya karanta su sai mai mabuɗi. Ɗaya daga cikin manyan taskokin manhaja da ke wannan aiki a duniya ita ce OpenSSL. Asalinta wata taska ce mai suna SSLeay, wadda Eric Young da Tim Hudson suka soma rubutawa a Ostareliya a 1995. A ƙarshen 1998 ne aka kafa OpenSSL bisa wannan harsashi.

Ga matsalar da magina irin wannan taska ke fuskanta. Saƙon da aka ɓoye ba wuri ɗaya yake nufa ba. Wani za a adana shi cikin fayil, wani a tura shi ta intanet, wani kuwa ya ɗan dakata a ƙwaƙwalwar kwamfuta. Da a ce kowace hanya sai an rubuta mata nata tsarin ɓoyewa, da an yi aiki ɗaya sau uku. Kowane maimaici kuwa kafa ce ta kuskure, kuma kuskure a wannan fanni tonon asirin jama'a ne.

Maganin da aka samo shi ne wani tsari da ake kira BIO, wanda ya raba aikin ɓoye saƙo da aikin jigilarsa. Mu kwatanta shi da ruwan sha. Akwai rijiyar da ake ɗebowa, da randar da ake zubawa, sannan da rariyar da ruwan ke bi a tsakani. Haka BIO ya kasu gida biyu. Kashi na farko su ne mafari ko matuƙar saƙo, wato fayil, ko layin sadarwa, ko ƙwaƙwalwa. Kashi na biyu su ne rariyoyi, waɗanda ke sauya saƙon sa'ad da yake wucewa.

Alal misali, mai rubuta manhaja zai iya jera uku da umarnin BIO_push: rariyar ɓoyewa ta AES, sai rariyar Base64, sai fayil. Ita Base64 takan mai da kowane bayit 3 zuwa haruffa 4 da za a iya bugawa. Da zarar ya zuba saƙo a bakin jerin da BIO_write, sai ya gangara da kansa har cikin fayil. In gobe ya so tura saƙon ta intanet, guntun ƙarshe kaɗai zai sauya. Rariyar AES ba ruwanta da inda saƙon ya dosa.

Sai dai fa akwai tarko. AES yana aiki ne da dunƙule-dunƙule na bayit 16. A salon da ake kira CBC, saƙo mai bayit 100 zai ba da dunƙule 6, wato bayit 96, saura 4 su maƙale a rariya suna jiran ciko. Ba za su fita ba sai an ba da umarnin BIO_flush, wanda ke cike gurbin ya tunkuɗa ragowar waje. Wanda ya manta da shi, wutsiyar saƙonsa ta salwanta, mai karɓa kuma ba zai same shi cikakke ba, ko da mabuɗinsa daidai ne. Sauƙin da bututu ya kawo bai ɗauke wa mai aiki sanin abin da ke cikinsa ba.

Malamai na iya jarraba ɗalibai da wannan lissafi: bayan ciko, saƙon nan ya zama bayit 112. Haruffa nawa Base64 za ta fitar? Wanda ya samu 152, ban da alamomin sabon layi, ya fahimci darasin.