Surfanin Ganyen Zogale: Daga Ina Mai Koyo Zai Fara?

Yau kan surfani zan yi magana. Ni dai shawarata, mai koyo ya fara da ganyen zogale, don ƙanana ne, ba sa cin zare.

Ku samu ƙyallen auduga, allura da koren zare. Ku zana reshe da fensir, ganye bibbiyu suna kallon juna, ɗaya a can ƙarshe. Ku fara ɗinke reshen, sannan ku cike kowane ganye, zare jikin zare.

Inda ake samun matsala wajen jan zare ne. Kuka ja da ƙarfi, yadin ya tattare, ko an goge ba ya miƙewa. Don haka kar ku karɓi shaddar mutane sai hannunku ya faɗa.

Sai shiri na gaba.