Ɗaukar Hoton Jinjirin Wata: Dabarunsa da Matsayinsa Wajen Tabbatar da Gani

Shari'a ta rataya kama azumin Ramadan da ajiye shi ga ganin jinjirin wata. A mazhabar Malikiyya, ganin yana tabbata da shaidar adilai biyu, ko ta jama'a mai yawa wadda ba ta haɗuwa a kan ƙarya. A yau masu duban wata sukan gabatar da hoto a matsayin hujja, don haka ya kamata mai fatawa ya san yadda ake samar da shi.

Cikakken wata yana da haske ƙwarai, shi ya sa masu hoto suke tsuke ƙofar hasken kyamara zuwa f/11, su sa ISO 100, su buɗe ta kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa. Jinjiri kuwa siriri ne, yana ɓoye cikin jan shafaƙi. Yana buƙatar gilashi mai jawo nesa, kamar na milimita 300, da ƙofa mai faɗi wajen f/5.6, da ISO 400 zuwa 800. Ana girke kyamara bisa ƙafa uku, a daidaita kaifin hoton da hannu. Ba a tsawaita buɗewa fiye da daƙiƙa guda, domin juyawar ƙasa tana gusar da wata gwargwadon faɗinsa cikin kimanin minti biyu.

Sai dai na'ura tana riskar abin da ido ba ya riska. A shekarar 1932, masanin falaki André Danjon ya nuna cewa jinjiri ba ya ganuwa idan tazararsa da rana ta gaza kimanin daraja 7. Amma a ranar 8 ga Yuli 2013, Thierry Legault ya ɗauki hotonsa a Faransa da rana, daidai lokacin haɗuwar wata da rana, ta hanyar tace haske.

Ke nan hoto yana iya tabbatar da samuwar wata ba tare da tabbatar da yiwuwar ganinsa ba. Wajibi ne kwamitin duban wata ya nemi asalin fayil ɗin mai ɗauke da kwanan wata da lokaci, ya binciki wurin da aka ɗauka, ya kuma duba ko gefen da ke haske yana fuskantar mafaɗar rana. Hoto ƙarina ce mai ƙarfafa shaida ko raunana ta, ba ya maye gurbin adalcin mai shaida. Allah ne Mafi sani.