Babi na Tara: Ƙaramar Ƙungiya da Tallafin Gwamnatin Amurka

Duk wanda ya zauna a Amurka a ƙarshen shekarun 1990, kuma ya saba kallon talabijin da tsakar dare, ya san Matthew Lesko ko da bai riƙe sunansa ba. Mutum ne mai tabarau da ke sanya kwat da aka cike da alamomin tambaya tun daga kafaɗa har ƙafar wando, yana tsalle yana ɗaga murya wai gwamnati na rabon kuɗi kyauta, jama'a ne kawai ba su san ƙofar ba. Ƙofar kuwa tana cikin wani ƙaton littafi nasa, ka aika kuɗi a aiko maka. Ya sayar da littattafai ba kaɗan ba. A 2004 hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta jihar New York ta fitar da rahoto tana cewa tallansa na ruɗar mutane, domin yawancin abin da yake kira kuɗin banza shirye-shiryen taimakon marasa ƙarfi ne da kowa ya sani, masu sharuɗɗa. Shi kansa bai ɓoye cewa daga takardun gwamnati da ake samu kyauta ya kwaso bayanansa ba.

Na fara da shi ne saboda har yau tallan nan bai mutu ba. Ya koma Facebook da WhatsApp, ya tsallaka teku, yana faɗowa wayoyin mutane a Kano da Maraɗi: an zaɓe ka, biya kuɗin rajista ka karɓi dala dubu goma. Abin ya ishe ni. Gwamnatin Amurka ba ta kiran kowa a waya ta ce ya ci tallafi, ba ta karɓar ko sisi don a cike takardar nema, ba ta kuma ba mutum tallafi ya biya haya ko ya buɗe shago. Mafi yawan kuɗin ma ba ƙungiyoyi ake ba. A shekarar kuɗi ta 2023 abin da tarayya ta tura wa jihohi da ƙananan hukumomi ya haura dala tiriliyan ɗaya, fiye da rabinsa na Medicaid ne, wato shirin lafiyar marasa galihu. Bayan su sai jami'o'i da asibitoci da manyan ƙungiyoyi masu ofishi guda na ma'aikatan da ba su da aiki sai rubuta takardun neman tallafi. Da waɗannan ne ƙungiyar mutum biyar da aka kafa bara za ta yi takara.

Maganar rajista ba ta da wani armashi. Ƙungiya ta yi rajista a jiharta, ta karɓi lambar haraji daga hukumar haraji ta IRS, ta nemi matsayin 501(c)(3), wato na ƙungiyar agaji da aka yafe wa haraji, da fom 1023, ko gajerensa 1023-EZ in kuɗin shigarta ba sa wuce dala 50,000 a shekara. Sai SAM.gov, inda ake ba ta lambar UEI wadda ta maye gurbin DUNS a Afrilun 2022. Rajistar kyauta ce, ana sabunta ta duk shekara, tana iya cin makonni, kuma bambanci kaɗan tsakanin adireshin da ke takarda da wanda aka shigar ya isa ya tsayar da ita. Daga nan Grants.gov, inda hukumomi ke liƙa sanarwarsu. A karanta sanarwar daga shafin sharuɗɗan cancanta, a bi ma'aunin maki layi-layi. Shi ke nan.

Abin da na fi so mai karatu ya tsaya a kansa shi ne ranar da aka ce ƙungiya ta yi nasara. Jama'a na zaton a ranar ce kuɗi ke faɗawa asusu. Dokar da ke tafiyar da tallafin tarayya, wadda ma'aikata ke kira 2 CFR 200, ta yarda a ba da kuɗi kafin aiki, amma ga ƙungiyar da ta nuna rubutaccen tsarin kula da kuɗi wanda hukuma ta gamsu da shi. Sabuwar ƙungiya da ba ta taɓa riƙe kuɗin gwamnati ba, sau da yawa sai a ɗora ta kan ɗaya hanyar: kashe naki tukuna, kawo rasit, a mayar miki. In kuwa kuɗin ta hannun jiha ko birni ya biyo, wannan hanyar ce aka fi bi.

Mu ƙaddara wata ƙungiyar 'yan zango a unguwar Bronx ta birnin New York, inda Hausawan Ghana da Nijar ke da yawa, ta samu dala 200,000 don koyar da yara bayan an tashi makaranta na shekara guda. An yi murna, an yi addu'a, an ci tuwo. Wata na farko dole ta biya malamai da haya da inshora, kusan dala 16,600. Ta haɗa takardu ta aika. Doka ta ce a biya cikin kwana 30 da karɓar buƙata, amma buƙatar da aka cike daidai. Rasit ɗaya ya ɓace, ko wani malami bai sa hannu a takardar awoyinsa ba, sai a dawo da ita, lissafin kwana ya koma farko. Kafin kuɗin farko ya iso, wata uku na iya shuɗewa, ƙungiya ta fitar da dala 50,000 daga aljihun da ba ta da shi. Daga ina? Daga katin bashin shugaba, ko adashin mata, ko a ce wa malamai su yi haƙuri. Malami kuwa a New York yana da tasa hayar. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma ban san inda karin maganar nan ta zauna daram kamar nan ba. Shi ya sa in ƙungiya ta tambaye ni ko ta nemi tallafin tarayya, ba na duba kyan manufarta. Tambayata ɗaya ce: in aka hana ku kuɗi wata uku, za ku iya biyan albashi?

Ga kuma abin da ke ƙara nauyi. Wasu shirye-shiryen na son ƙungiya ta kawo nata kason. Hukumar tallafa wa fasaha ta NEA, alal misali, ta saba neman dala ɗaya a kan kowace dala da ta bayar. Sannan kowane kuɗi yana da layinsa a kasafi. Abin da aka rubuta na littattafai ba ya komawa gyaran mota don kawai motar ce ta lalace. Akwai ɗan sauƙi guda da ƙananan ƙungiyoyi kan bari ya wuce su saboda kunya: kuɗin gudanar da ofis, irin su wuta da intanet da ladan akanta. Ƙungiyar da ba ta taɓa sasanta kasonta da gwamnati ba a da tana da damar ɗaukar kashi 10 cikin ɗari, kuma daga Oktoban 2024 an ɗaga shi zuwa 15. Wasu shugabannin kan rubuta sifili a wannan layi don a ce masu gaskiya ne. Wauta ce kawai, babu mai ba su maki a kanta.

Tsananin nan yana da tarihi. A lokacin yaƙin basasar Amurka 'yan kwangila sun yi ta sayar wa sojojin tarayya alfadarai marasa lafiya da bindigogin da ba sa tashi da abinci ruɓaɓɓe, har a 1863 Shugaba Lincoln ya sa hannu a dokar hukunta masu yi wa gwamnati ƙaryar neman kuɗi. Dokar na nan da ranta. Wanda aka kama yana iya biyan ninki uku na asarar da ya jawo, kuma ma'aikacin da ya tona asiri yana da kaso a abin da aka ƙwato. Wato dokar da aka yi don mai alfadari ita ke jiran sakataren ƙungiya da ya cike awoyin da ba a yi ba. Ana ajiye takardu shekara uku bayan rahoton ƙarshe, duk wanda kuma ya kashe dala miliyan ɗaya na tarayya a shekara sai an yi masa cikakken binciken kuɗi.

Hanyar da ta fi dacewa da sabuwar ƙungiya a bayyane take: ta shiga ƙarƙashin babba, ta karɓi ɗan yanki na aikin, ko ta nemi kuɗin raya unguwanni na CDBG da birane ke rabawa tun 1974, inda jami'in da ke duba takarda mutum ne da za a iya zuwa ofishinsa. Shekara biyu na rahoto mai tsafta sun fi kowace takardar nema daɗin rubutu.

Ƙungiyoyin Maiduguri da Yola sun san wannan tsari sarai, don a ƙarƙashin manyan 'yan kwangilar hukumar agajin ƙasashen waje ta Amurka, USAID, da yawansu suka yi aiki, da irin waɗannan rasit da takardun awoyi. Ranar 20 ga Janairun 2025 Shugaba Trump ya dakatar da taimakon ƙasashen waje na kwana 90, umarnin tsayar da aiki ya biyo baya, kuma biyan kuɗin ayyukan da aka riga aka gama ya tsaya tare da shi. Sai da magana ta kai Kotun Ƙoli, wadda a watan Maris, da alƙalai biyar a kan huɗu, ta ƙi soke umarnin da ya ce a biya kusan dala biliyan 2 na aikin da aka kammala. Manyan ƙungiyoyin da ke Washington suna da lauyoyi da bankunan da za su ba su rance kafin kuɗin ya fito. Na ƙasa da su, masu ofishin ɗaki biyu da janareta ɗaya, sallamar ma'aikata suka yi, suka ci gaba da jira da rasit a cikin fayil.