Ijaza da Satifiket: Asalin Takardar Shaida da Ma'anarta



Kalmar da zan yi bayani a kanta duk mai neman aiki ya san zafinta. Turawa suna ce mata credential, mu kuwa mukan ce takardun shaida, ko kuma takardu kawai. In aka ce wane ba shi da takardu, kowa ya gane nufi. Kalmar Turancin ta fito ne daga credere ta harshen Latin, wato yarda ko gaskatawa, kuma tun da can ana amfani da ita ga wasiƙar da sarki kan ba jakadansa ya miƙa wa wani sarki don a amince da shi. Ashe yarda ita ce tushe, takarda bin baya ta yi.

Tamu kalmar, shaida, daga shahada ta Larabci take, wato ganin abu da faɗin abin da aka gani. Amma malamanmu suna da wadda ta fi dacewa, ita ce ijaza, wadda tushenta ɗaya da ja'izi. Ijaza izini ce da malami kan ba almajirinsa ya karantar da littafi kaza, yana mai ambaton wanda ya karantar da shi, da wanda ya karantar da wancan, har a dangana da mawallafi. Malam Jibrin ɗan Umaru ya karɓi ijaza a Alƙahira daga Murtala Azzabidi, mai ƙamusun Tajul Arusi, wanda ya rasu a 1791, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kuma ya karɓa daga Malam Jibrin. Mutum ne ke tsaya wa mutum da sunansa.

To, mu duba ƙauyukan arewacin Kano, wajen Ɗambatta da Makoɗa da Bichi da Minjibir, inda gona ke jingine da gona, unguwa na hango unguwa. A tsangayun wannan yanki yaro yakan fara yana kolo, ya zama titibiri, ya zama gardi, ba a taɓa miƙa masa takarda ba. Ranar sauka allon zayyana ne shaidarsa, da jama'ar da suka ji karatunsa suka ci walima. Mai neman a kira shi alaramma ko gwani kuwa sai ya rubuta Alƙur'ani da ka, mahaddata su bi rubutun harafi harafi suna neman kure. A ganina jarrabawa kaɗan ce ta kai wannan tsanani. Sai dai shaidar tana da iyaka: tana aiki ne inda aka san malaminsa.

Satifiket an yi shi ne domin inda ba a san mutum ba. Hatimin hukuma yake ɗauke da shi, irin ta WAEC da aka kafa a 1952, mai sa hannun kuwa bai taɓa ganin ɗalibin ba, abin da ya sa jabu ke samun kafar shiga ke nan. Masu karatun Larabci sun fara shiga wannan tsari ta Makarantar Shahuci ta 1928, da Makarantar Shari'a ta Kano ta 1934, wadda ta koma Makarantar Nazarin Larabci a 1947. Tsangaya aka bari a waje. Da shirin ilmin firamare kyauta ya zo a 1976, aka bukaci malamai birjik, sai takarda ta zama mabuɗin albashi. Gwanin da ya rubuta Alƙur'ani da ka sai ya rasa abin da zai cika a gurbin ilmi cikin fom, alhali almajirinsa da ya ratsa ta makarantar horon malamai an ɗauke shi aiki.

Makarantun Islamiyya sun lura da wannan giɓi. Shi ya sa da yawansu, ranar sauka, sukan miƙa wa ɗalibi allon zayyana, su haɗa masa da bugaggiyar takarda mai hatimin makaranta da sa hannun shugabanta, suna kiranta shahada.